Idan Ɗigon Sikirin Ya Shiga Gonar Maƙwabcinsa: Fashin Baƙi Kan Kutse Tsakanin Fiksel

Ka ɗauki waya mai sikirin ɗin OLED, wato irin wanda kowane ɗigonsa ke fitar da haskensa da kansa, ka shiga ɗaki ka kashe fitila, ka rage hasken wayar har ƙarshe, sannan ka buɗe hoton da babu komai a cikinsa sai shuɗi mai duhu. A sikirin mai kyau, shuɗin zai fito shuɗi tsantsa. A wani kuwa za ka ga ya ɗan karkata zuwa shunayya, kamar an ɗiga masa ja. Idan ka sa shi ƙarƙashin madubin da masu gyaran waya ke duba bod da shi, za ka ga dalilin da idonka: ƙwayoyin ja, wato 'yan ƙananan fitilun sikirin masu ba da jan haske, waɗanda ya kamata a ce a kashe suke, suna ɗan ƙyalli kamar garwashin da toka ta rufe. Wutar maƙwabcinsu ce ta tsallako musu.

Injiniyoyi na kiran wannan abu kurostok, sunan da ya samo asali tun zamanin wayar tarho, lokacin da hirar wasu kan shigo layin wasu. A nan za mu kira shi kutse. Magana ce da ta shafi mai gyaran waya a Ƙofar Ƙaura da ke sa wa mutane sabon sikirin, da mai haɗa allon LED na ɗakin biki ko na talla a bakin titi, da ɗalibin fannin lantarki a kwalejin Hassan Usman Katsina ko ta Tarayya da ke Daura.

A fara da girman abin. Sikirin ɗin waya mai inci 6.5 da ɗigo 1080 a faɗi da 2400 a tsawo yana da fiksel, wato ɗigon hoto, 2,592,000. Daga tsakiyar fiksel zuwa tsakiyar na kusa da shi kimanin maikiron 63 ne (maikiron 1000 ne ke yin milimita ɗaya), wato kusan kaurin gashi guda, kuma a cikin wannan ɗan fili aka cusa ƙwayoyin da ke ba da launi. Ba yadda za a yi a ja wa kowace ƙwaya wayarta ita kaɗai. Dole su yi tarayya a layin wuta, da layin saƙo, da wasu shimfiɗun da aka lulluɓe su da su gaba ɗaya. Wanda ya san noman rani a ƙarƙashin madatsar Jibiya ko Zobe ya san wannan hali: magudana ɗaya ce ke shayar da fangali da yawa, kuma ko ka toshe bakin fangalinka, in kunya ta yi laushi ruwan maƙwabci zai tsattsafo maka ta ƙarƙashi. Duk aikin rage kutse shi ne a gano ta inda ake tsattsafowa, a toshe nan, ba tare da an datse magudanar da kowa ke sha ba. Hanyoyin kuwa ba ɗaya ba ne. Wuta na bi ta gefe, haske na bi ta gefe, wayoyi ma na jan juna, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Wutar da ke bi ta ƙarƙashin kunya

Tun da Ching Tang da Steven VanSlyke suka nuna OLED mai aiki a kamfanin Kodak a 1987, tsarin gininsa bai sauya asali ba. A ƙasa akwai anod, ƙofar da wuta ke shiga, kowace ƙwaya da nata. A sama akwai katod, ƙofar da wutar ke fita, fallen ƙarfe siriri na haɗin magniziyam da azurfa wanda kaurinsa a waya bai wuce nanomita 10 zuwa 15 ba (nanomita 1000 ne ke yin maikiron ɗaya), kuma shi guda ɗaya ne ya rufe sikirin ɗin kaf. A tsakaninsu aka jera shimfiɗun sinadarai, dukkansu a haɗe tsakanin nanomita 100 da 300. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya an gina ɗan tudu na roba mai hana wuta wucewa, tsayinsa maikiron 1 zuwa 2. Shi ne kunyar.

Ana ɗora shimfiɗun ne ta hanyar turarawa. A dafa sinadarin a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, tururinsa ya tashi ya kwanta a kan gilashi. Shimfiɗar da ke fitar da launi ana turara ta ne ta cikin wata rariya ta ƙarfen Invar, wanda kashi 36 cikin 100 nasa nikel ne, ragowar baƙin ƙarfe, domin zafi ba ya buɗa shi sosai. Ramukan rariyar su ne ke sa ja ya sauka a gurbin ja, kore a gurbin kore. Amma rariyar nan tana da tsada, tana toshewa, daidaita ta kuma aiki ne. Saboda haka sauran shimfiɗun, waɗanda aikinsu kai caji ne kawai, ana turara su a buɗe, su rufe ƙwayoyi da tudun da ke tsakaninsu baki ɗaya.

A nan matsalar take. Shimfiɗar farko da ke kan anod, mai kauri kamar nanomita 10, ana gauraya ta da 'yan kashi kaɗan na wani sinadari mai ƙara mata saurin kai caji, don wayar ta yi haske da ƙaramin bolteji, batir ya daɗe. Da yake ta haye tudun ta sauka a ƙwayar da ke kusa, ta zama wata siririyar hanya daga anod zuwa anod.

Me ya sa ja ne ke fin shan wahala? Kowane launi da ƙarfin da yake buƙata kafin ya kama. Hasken shuɗi mai tsawon zango nanomita 460 yana neman kusan bolt 2.7, kore kusan 2.3, ja kuwa kusan 2.0. Idan anod ɗin shuɗi yana kan boltejin aikinsa, ragowar da ta iso maƙwabcinsa ja ta kan kai yadda za ta kunna shi. Ja ba ya iya yi wa shuɗi haka, domin boltejinsa bai kai ba. Shi ya sa shuɗi mai duhu ke komawa shunayya, kore mai duhu ke ɗan yin rawaya-rawaya, amma ja yakan tsaya da launinsa.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne dalilin da ya sa ba a ganin wannan da rana tsaka. Hanyar gefe hanya ce mai turjiya ta yau da kullum: in bolteji ya ninka, abin da ke tsiyaya ya ninka, shi ke nan. Ita kuwa ƙwayar, ɗan ƙarin bolteji kaɗan ke ninka kwararar wutarta sau ɗari ko dubu. To a haske mai ƙarfi, tsiyayar ɗigo ce a cikin kogi. Amma sikirin na da matakan haske 256, daga 0 zuwa 255, kuma a ma'aunin gamma 2.2 da ake amfani da shi wajen juya lambar mataki zuwa haske, mataki na 32 kashi 1 cikin 100 ne kawai na cikakken haske, mataki na 16 kuwa kimanin kashi 0.2. Ka haɗa da rage hasken waya da dare, sai wutar da aka ba ƙwayar da gangan ta yi kusan daidai da wadda ke tsiyaya. Zafi ma na ƙara abin, domin waɗannan sinadarai sun fi sakin caji idan sun ɗumama. Sikirin ɗin da aka gwada a ɗaki mai sanyi zai iya nuna wani hali dabam a watan Afrilu a Katsina, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ga kuma zafin caji a jikin wayar.

Magani mafi sauƙi a masana'anta shi ne a rage sinadarin da aka gauraya, ko a ƙara siranta shimfiɗar. Turjiyar gefe ta ƙaru, amma boltejin aiki ya hau, batir ya riƙa saurin ƙarewa. Na biyu shi ne a faɗaɗa tudun. A waya faɗinsa kusan maikiron 20 ne, kuma duk abin da aka ƙara masa daga filin haske aka yanko, sai ƙwayar ta ƙanƙance, a riƙa tura mata wuta da yawa don ta ba da haske iri ɗaya, ta yi saurin tsufa.

Na uku shi ne wanda ya fi wayo, kuma ya fi haɗari. Ana haƙa ɗan rami a kan tudun, ko a yi masa leɓe mai rumfa, wato samansa ya fi ƙasansa faɗi. Da yake tururi a miƙe yake sauka, ba ya shiga ƙarƙashin rumfar, sai shimfiɗar ta tsinke a nan da kanta. Sai dai katod ma ta nan zai bi, shi kuma ba a son ya tsinke, domin ƙwayar da katod ɗinta ya yanke ta mutu. Dabarar ita ce a auna zurfin rumfar daidai yadda za ta yanke shimfiɗun ƙasa, waɗanda ke sama su cike gurbin kafin katod ya iso, ko a turara katod ta kusurwa mai faɗi, ko kuma a bar 'yan gadoji a ramin maimakon a zagaye ƙwayar da shi. In rumfar ta yi zurfi da yawa, katod ya siranta a gefenta, turjiyarsa ta hau, ko ya taɓa bakin shimfiɗar da aka yanke ya buɗe sabuwar hanyar tsiyaya kai tsaye. Kaifin gefen kuma kan tsaga rufin da ke hana danshi shiga, daga nan baƙaƙen tabo su fara yaɗuwa. Wasu kuma kan binne siririyar waya a cikin tudun mai ƙaramin bolteji, ta zama kwata, ta kwashe cajin da ke wucewa kafin ya kai maƙwabci. Wannan na tsare launi, amma wutar da aka kwashe asara ce.

Abin ya ƙara tsananta da zuwan OLED mai hawa biyu, irin wanda Apple ya sa a iPad Pro na 2024. An ɗora ƙwaya kan ƙwaya don ƙarin haske da tsawon rai, a tsakaninsu kuma akwai shimfiɗa mai samar da caji, wadda ta fi ta farko sakin wuta ta gefe. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni ke neman rabuwa da rariyar gaba ɗaya, su sassaƙa kowace ƙwaya da dabarar haske irin ta ƙera cip, ta yadda babu shimfiɗar sinadari da za ta haye zuwa maƙwabci. Japan Display ya sanar da irin wannan tsari mai suna eLEAP a 2022. A ganinmu nan ne maganin na asali yake, sai dai sinadaran OLED ba sa jure ruwa da iska, kuma sassaƙar tana buƙatar a rufe kowane launi tsaf kafin a taɓa na gaba.

Akwai kuma gyara ta ɓangaren da'ira. Bayan kowace ƙwaya a yawancin wayoyi akwai taransista 7, wato ƙananan makunnan wuta, da kafasita 1 mai ajiye caji. Ɗaya daga taransistocin aikinsa a kowane zagaye shi ne ya ja boltejin anod ƙasa, ya zubar da duk cajin da ya taru, har da wanda ya tsiyayo daga maƙwabci. In an ja shi ƙasa sosai baƙi ya yi baƙi ƙirin, amma ƙwayar ta riƙa jinkirin kamawa, ka ga wata jela mai shunayya tana bin rubutu idan kana jan shafi mai duhu. In ba a ja sosai ba, kutse ya bayyana. Kamfanin da ya damu yana auna wannan bolteji launi-launi, ya ajiye jadawalin gyara a cip ɗin sikirin. Sikirin ɗin kwafi mai araha sau da yawa nan ne yake gazawa.

Hasken da ke fita a karkace

Ko da wuta ta tsaya a gidanta, haske ba ya tafiya a miƙe kawai. Wannan ya fi damun sikirin ɗin da ba ƙwayar ce ke yin launinta ba. A talabijin ɗin OLED na LG, da ƙananan sikirin na tabarau irin na Apple Vision Pro, wanda tazarar fiksel ɗinsa maikiron 7.5 ce kacal, ƙwayoyin farin haske suke fitarwa, sai a ɗora matacin launi a samansu. Hasken da ya fita a karkace daga ƙarƙashin matacin kore zai iya faɗawa matacin ja na kusa, ya fito ja.

Lissafinsa ɗalibin sakandare ma zai iya. A ce tsakanin ƙwaya da mataci maikiron 2 ne, daga bakin ƙwayar zuwa bakin matacin maƙwabci kuma maikiron 1. Duk hasken da ya karkata fiye da digiri 27 zai shiga gidan maƙwabci, kuma mai kallo daga gefe, kamar digiri 42, zai gan shi. A rage tazarar sama zuwa maikiron 1, sai kusurwar ta koma digiri 45. A cikin abu mai ma'aunin karya haske (wato yadda yake lanƙwasa haske) 1.5, irin gilashi da roba, hasken da ya wuce digiri 42 ba ya iya fita iska ta shimfiɗaɗɗiyar fuska, komawa ciki yake yi. Ke nan siranta rufin da maikiron guda ya kashe yawancin kutsen. Shi ya sa ake ɗora mataci kai tsaye a kan rufin ƙwayoyin maimakon a manno shi a wani gilashi dabam, sannan a zana baƙin raga tsakanin launuka, ko a ɗora gefen mataci kan gefen wani don su haɗu su yi duhu. Kuɗin da ake biya shi ne haske, domin baƙin raga ba ya tambayar hasken waye kafin ya shanye shi.

A QD-OLED, wani nau'in sikirin na Samsung da ya shigo kasuwa a 2022, duk ƙwayoyin shuɗi ne, wasu ƙananan ƙwayoyin sinadari ne a sama ke juya shi zuwa ja da kore. Su kuwa ta kowane ɓangare suke watsa haske, don haka sai an gina katanga tsakanin gurbi da gurbi, a kuma ƙara mataci a sama ya tare shuɗin da ya kuɓuce.

MicroLED, sikirin ɗin da ƙwayoyinsa ƙananan fitilun LED ne, nasa ya fi ban mamaki. Ana gina shi ne da sinadarin galiyam naitiraid a kan dutsen saffaya, fasahar da ta sa Akasaki da Amano da Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Ma'aunin karya hasken galiyam naitiraid kusan 2.4 ne, don haka hasken da ke cikin digiri 24 zuwa 25 daga miƙe ne kaɗai ke iya fita ta shimfiɗaɗɗiyar fuska, wato kamar kashi 4 cikin 100. Ragowar yana ta kai da komo a ciki, ya bi saffaya kamar ruwa a bututu, ya je ya ɓullo a ƙwaya ta uku ko ta biyar. Magani shi ne a ɓamɓare saffayar da leza, a haƙa rami tsakanin ƙwayoyi har ƙasa, a shafe bangon da abu mai hana wuta, sannan a lulluɓe shi da alminiyam don hasken ya koma gaba. Sai dai haƙar na ji wa bangon rauni, raunin kuma yana cinye caji ba tare da ba da haske ba, kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya gwargwadon yadda bango ke cin rabonta. Don haka ake wanke bangon da sinadari mai kaifi, a rufe shi da siririn alminiyam oksaid kafin a ci gaba.

Wayoyin cikin sikirin

Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. Layin saƙo na wucewa dab da kafasitan da ke riƙe umarnin kowace ƙwaya, kuma duk ƙarfe biyu da ke kusa da juna ƙaramin kafasita ne ko ba a so ba. A ce wannan na ɓoye kashi 1 cikin 100 ne na na ainihi, layin ya yi tsallen bolt 3. Umarnin ƙwayar zai goce da milibolt 30, wanda a taransistan da ke ninka kwarara sau 10 a kowane bolt 0.3 ya kai sauyin haske na kusan kashi 25 cikin 100. Alamarsa ita ce inuwa a sama da ƙasan farin akwati a kan fili mai ruwan toka. Ana tare shi da fallen ƙarfe a tsakani wanda aka ɗaure da layin wuta. Shi ma layin wutar, in fari ya cika wani yanki ya ja wuta da yawa, boltejinsa kan faɗi, maƙwabta su dushe, shi ya sa ake saƙa shi kamar raga maimakon layi-layi.

Allon LED: inda gyara ke hannunmu

Duk abin da aka faɗa a sama a masana'anta ake yanke hukuncinsa. Babban allon LED kuwa, irin na ɗakin taro da wurin biki da bakin titi, mai haɗa shi a Katsina ko Daura yana da ta cewa sosai.

Fanel ɗin P10, wato mai tazarar milimita 10 tsakanin fiksel da fiksel, mai girman milimita 320 da 160 yana da fiksel 32 a jere 16. P5 mai girman nan yana da 64 da 32, P2.5 kuwa 128 da 64. Ba a kunna jerin duka lokaci guda. A fanel mai sikan 1/16, jere ɗaya cikin 16 ne ke kunne a kowane lokaci, ana zagayawa da sauri har ido ya ga kamar duk a kunne suke. In allon na sabunta hoto sau 1920 a daƙiƙa, rabon kowane jere maikurosakan 33 ne. In sau 3840 ne a sikan 1/32, maikurosakan 8 kacal. A cikin wannan ɗan lokaci ake son jere ya kama, ya ba da haskensa, ya mutu murus kafin na gaba ya tashi.

Ba ya mutuwa murus, domin layukan tagulla da su kansu LED ɗin suna riƙe ɗan caji. Fatalwa iri biyu ke fitowa daga nan. Idan aka kashe jere, layinsa na nan da ragowar caji, da zarar an buɗe hanyar ginshiƙi, wato layin tsaye da ke haɗa LED ɗin jere-jere, don jere na gaba sai ragowar ta bi ta LED ɗin jeren da aka bari, ya yi ƙyalli. Wannan ita ce fatalwar sama, maganinta kuwa a zubar da cajin jeren kafin a matsa. Ta biyu, layin ginshiƙi kan tsaya a ƙasa bayan an rufe shi, sai jere na gaba ya tashi, wuta ta bi ta LED ɗinsa don ta cika ginshiƙin, shi ma ya yi ƙyalli alhali ba a kira shi ba. Wannan fatalwar ƙasa ce, maganinta a riga a cika ginshiƙin kafin jeren ya tashi.

Tsofaffin fanel masu cip ɗin 74HC138 da taransistan 4953 ba su da hanyar zubar da caji sai in an ƙara musu. Sababbi na zuwa da cip ɗin jere mai zubarwa, irin RT5958, da cip ɗin ginshiƙi mai riga-cikawa, irin MBI5153 ko ICN2053. Saboda haka tun wajen saye a juya fanel a karanta lambar cip. Fanel ɗin da ba shi da waɗannan, babu saitin da zai raba shi da fatalwa gaba ɗaya.

Gwaji shi ne siririn farin layi a karkace a kan baƙi, a cikin duhu, domin a layi mai karkata kowane ɗigo mai haske yana da baƙin maƙwabci a samansa da ƙasansa. A lura ko ƙyallin a jeren da aka bari yake ko a na gaba. Kafin a taɓa komai, a tabbatar fayil ɗin saitin da aka loda wa katin karɓa, wato katin da ke karɓar hoto ya raba wa fanel, a manhajar NovaLCT ko makamanciyarta, na wannan fanel ɗin ne da wannan cip ɗin, domin aron fayil daga wani allo shi ne tushen rabin matsalolin nan. Daga nan a ƙara lokacin shiru tsakanin jere da jere kaɗan-kaɗan, ana duba layin. Kowane ƙari na rage haske da saurin sabuntawa, don haka a tsaya daidai inda fatalwar ta ɓace. Sannan a taɓa matakin zubarwa da na riga-cikawa, mataki ɗaya a lokaci guda.

A nan ake yawan wuce gona da iri. Idan aka zubar da jere har ƙasa sosai, aka kuma cika ginshiƙi har sama sosai, LED ɗin da ke kashe suna zama da bolteji a juye, kuma yawancinsu bolt 5 ne iyakar abin da aka yarda su ɗauka ta baya. Ƙurar hunturu ta riga ta kwanta a ƙafafunsu, damina ta zo ta jiƙa ta, boltejin baya ya riƙa jan ƙarfe a hankali har ya haɗa ƙafa da ƙafa. LED guda da ya haɗe haka yakan sa ginshiƙinsa duka ya yi layi mai launi ɗaya, abin da masu sana'ar ke kira tsutsa. Wanda ya yanke kuma yakan haifar da ƙyalli mai siffar gicciye a kewayensa. Waɗannan ba saiti ke gyara su ba, sai an nemo ƙwayar an canza ta da iskar zafi. Wuce kima a riga-cikawa kuma yana cinye matakan haske na ƙasa, fuskar mutum a inuwa ta yi dabbare-dabbare. Allon da ya kwana biyu a ajiye lokacin damina, a fara kunna shi da haske kaɗan na wasu sa'o'i don danshi ya fita, kafin a ba shi cikakken fari.

Wayar wuta ma na kawo nata kutsen. Tagulla mai murabba'in milimita 1.5 tana da turjiyar kusan om 0.012 a kowace mita. Tsawon mita 2, zuwa da dawowa mita 4, a amfiya 10, ya ci kusan rabin bolt daga bolt 5. Shuɗi da kore ne ke fara gazawa don sun fi ja neman bolteji, sai ka ga duk lokacin da fari ya cika wani fanel, maƙwabcinsa da ke kan waya ɗaya ya yi ja-ja. A sa waya mai murabba'in milimita 2.5, a gajarta ta, kowane fanel ya sha daga akwatin wuta kai tsaye maimakon a jera su a bayan juna, a kuma auna boltejin a bakin fanel na ƙarshe yayin da allon ke nuna cikakken fari. Igiyar saƙo ta HUB75 mai fil 16 ita ma kada ta yi tsawo ba dalili, kada kuma a ɗaure ta tare da wayar wuta. Baƙar robar da ke fuskar fanel, mai 'yan rumfuna, ita ce katangar haske tsakanin LED da LED. In ta karye ko rana ta cinye ta ta yi fari, a canza ta.

Kafin a ɗora wa kutse laifi

Mai gyaran waya ba zai iya toshe tsiyayar da ke cikin OLED ba, amma zai iya ƙin karɓar sikirin mai ita, kuma zai iya bambanta ta da abin da ba ita ba. Kutse yana bin hoto: ka matsar da farin akwati, inuwar ta bi shi. Tabon tsufa yana nan inda yake ko me aka nuna. Koren layi daga sama har ƙasa laifin cip ne ko igiyar sikirin ko layin da ya lalace. Ɗan launi a gefen haruffa kuwa sau da yawa tsarin jeren ƙwayoyi ne, domin a yawancin wayoyin OLED koren ƙwayoyi sun ninka na ja yawa, haka ma na shuɗi.

A jona sabon sikirin ba tare da an manna shi ba. A wayoyin Samsung lambar *#0*# na buɗe shafin gwajin ja da kore da shuɗi, amma cikakkun launuka ne, don haka a ajiye hotunan gwaji na musamman: shuɗi, kore, ja da ruwan toka, kowanne a mataki na 16 da 32 da 64, da kuma fili mai ruwan toka mai farin akwati a tsakiya. A duba su a duhu da mafi ƙarancin haske, a sake dubawa bayan wayar ta yi minti 10 tana caji ta ɗumama. Mai na'urar auna haske zai iya sa wa abin lamba: ya auna wuri guda a gefen akwatin yayin da akwatin ke nan, ya sake aunawa bayan an cire shi, ya raba bambancin da awo na biyu, ya ninka da 100. A yi haka a sama da ƙasa da dama da hagu, domin inuwar da ta fito sama da ƙasa kawai layin saƙo take nunawa, wadda ta fito dama da hagu kuma ta fi karkata ga layin wuta.